Ƙafar Kaza a Wuyan Sandar Golf

Shekara goma sha tara Anastasio Beltrán ya yi yana gurzar kawunan sandar golf a Mexicali, garin Mexico da ke kan iyakar Amurka, kuma har yau bai taɓa dukan ƙwallon golf ko sau ɗaya ba. In an tambaye shi dalili sai ya ce shi bai ga abin burgewa ba a ce ƙato da tumbinsa ya wuni yana bin ɗan farin ƙwallo cikin rana. Ba gaskiya yake faɗa ba. Filin da ake wasan a garin na masu hali ne, irinsa ba ya wuce wurin mai gadi sai dai in ƙofar ce ta lalace aka kira shi gyara. Don Tacho ake ce masa a unguwa. Matarsa Eduviges kuwa tsoho take ce masa, shi kuma ya ce mata tsohuwa, tun kafin ɗayansu ya yi furfura.

Daga wani ƙauye kusa da Guamúchil a jihar Sinaloa ya zo yana ɗan shekara ashirin, da niyyar tsallaka iyaka. Sau biyu ana tasa ƙeyarsa, sai ya haƙura ya tsaya tsintar auduga a bayan gari. A 1985 wasu Amurkawa suka buɗe masana'antar narkar da ƙarfe a gabashin Mexicali, ya shiga layi, mai ɗaukar aiki ya dubi faɗin tafin hannunsa ya ce ya wuce ciki.

Aikin gidan a jere yake. Mata suna ɗaki mai sanyi suna fitar da siffar kan sanda da kaki. A tsoma siffar cikin yumɓu, a gasa, kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Abin da ke fitowa in an fasa yumɓun mummuna ne, baƙi, duk ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Shi ake kai wa masu gurza a zaure na ƙarshe, zauren da ba a taɓa sa wa na'urar sanyi ba, wai don ƙura za ta lalata ta. Ƙurar da ake tsoron ta lalata inji, ita mutum arba'in suke shaƙa daga safe zuwa yamma, a garin da in rani ya yi ko kare ba ya taka kwalta.

Mutum zai zauna gaban injin da ke juya belin samfefa, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, ya danna, ya murɗa, ya ɗaga. Ba abin da zai jagorance shi sai ido da hannu. In ya ci ƙarfen da yawa an yi asararsa, in ya rage kuma nauyi ya wuce ƙa'ida. Don Tacho yakan ɗora kai a tafinsa ya ce saura giram biyu, a kai sikeli a tarar biyun ne. Kafin ya cika shekara goma a wurin, karkarwar inji ta kashe masa bakin yatsu. Da sanyin Janairu sukan yi fari fat, Eduviges ce ke sa masa maɓallin riga. Tun daga lokacin ya koma gwada santsin ƙarfe da leɓensa na ƙasa, abokan aiki suna tsokanarsa wai ya fi sumbatar ƙarfe a kan matarsa.

Amma ba yatsun ne suka fi ci masa rai ba, ba kuma tarin da ya kama shi ba. Kullum da yamma manyan motoci sukan kwashi kwalaye su tsallaka California. A can wani zai shafa gam, ya cusa ƙota a wuyan kan, ya manna 'yar takarda mai tutar Amurka. Aikin minti uku. Shi ke nan sanda ta zama 'yar Amurka, a buga hotonta a mujalla, a rubuta cewa ƙwararrun hannaye ne suka yi ta a gida. Hannayen dai ƙwararru ne, wannan ba ƙarya. Gidan ne ba a faɗi ko na wa ba.

Ba a barin ma'aikaci ya fita da ko kai ɗaya, har jakar abinci ake zazzagewa a ƙofa, hoto kuwa ba a ɗauka a ciki. Don haka duk tsawon shekarun nan iyalinsa ba su taɓa ganin abin da yake yi ba, sai baƙar ƙura a wuyan rigarsa. Ranar da malama ta ce kowa a ajin 'yarsa Yesenia ya rubuta sana'ar ubansa, ita ta rubuta cewa babanta yana goge ƙarfe. Ya karanta, ya yi dariya a gabanta, ya fita ƙofar gida ya daɗe bai shigo ba.

Akwai abu ɗaya da kamfanin bai sani ba. Duk kan da aka samu da tabo, cikin jan kwando ake jefa shi, foman kuma ya ɗauki kwandon ya dire gaban wanda ya ga dama, galibi wanda ya yi masa gardama a makon. Jan kwando uku, mutum ya koma shara. Sai masu gurza suka yi shawara a tsakaninsu, kowa ya zaɓi alamarsa. Yana gama kai sai ya zira ɗan tsinken ƙarfe cikin ramin wuyan, inda ƙota za ta shiga ta rufe, ya yi ɗan zane. Wani gicciye, wani ɗigo biyu, wani jinjirin wata. In foman ya dire kwando, sai a juya wuyan a haska, a ga mai shi. Alamar Don Tacho ƙafar kaza ce, yatsu uku, suna kallon bakin ramin. Foman ya tafi, wani ya zo, su ba su daina ba. A lissafin Don Tacho ƙafar kazar nan ta haura miliyan a duniya, kowace a binne cikin gam, ba wanda ya taɓa ganinta.

A farkon 2003 aka kawo mutum shida daga China. Manaja ya tara ma'aikata ya ce kamfani zai buɗe ɗan ƙaramin reshe a can, na sanduna masu arha kawai, irin na 'yan koyo, aikin gaske kuwa yana nan daram a Mexicali. Har da dafa ƙirji ya yi. Aka rarraba baƙin don a koya musu aiki, Don Tacho ya samu wani siriri, bahago, mai zuƙar sigari kamar zai haɗiye karan. Baƙon ya faɗi sunansa sau uku, 'yan zaure suka gwada suka kasa, aka yi ta dariya.

"Kai, kada ka karya mana harshe," in ji Don Tacho. "Daga yau Lencho ne sunanka, kowa ya huta."

Sunan Lencho ya bi shi, har shi mai sunan yana amsawa.

Mako biyu Don Tacho bai koya masa komai ba, sai aikin farko mai datti yake tura masa. Wata rana lokacin cin abinci, Lencho ya matso ya shimfiɗa tafukansa kusa da na Don Tacho. Ƙuna iri ɗaya, kanta iri ɗaya, bakin yatsu fari iri ɗaya. Ya nuna da yatsu cewa shekararsa goma sha biyu a gaban inji. Sannan ya ɗauko wani kai da Don Tacho ya gama, ya bi gefen gindinsa da farce, ya ɗaga gira yana tambaya.

A nan ne ya kama Don Tacho. Akwai wani murɗin wuyan hannu da yakan yi a gurzar ƙarshe, wanda ke tausasa bakin gindin sandar yadda za ta sulale a kan ciyawa maimakon ta nutse a ƙasa. Ba wanda ya koya masa. Injiniyoyin kamfani sun ɗauka daga siffar kaki abin yake fitowa. Ko abokinsa na injin gefe bai taɓa nuna wa ba. Shekara goma sha takwas ba mahalukin da ya lura da wannan gefen, sai ga wani da ko yarensu bai ji ba ya gano shi cikin mako biyu. Ba tausayi ne ya sa ya koya masa ba, daɗi ne ya kwashe shi. Ya tsaya a bayansa ya riƙe masa wuyan hannu, suka yi ta ɓata ƙarfe har abin ya fara zama. Wata Lahadi ma ya kai shi La Chinesca, unguwar 'yan China ta garin, cin abinci, Lencho ya ga ana matsa lemun tsami ana barbaɗa barkono a kan soyayyar shinkafa, ya yi dariya har da hawaye, ya leƙa kicin ya daɗe yana hira da wata tsohuwa da yarensu.

Ana saura kwana biyu su koma, Don Tacho ya nuna masa sirrin ramin wuya. Ya zana masa ƙafar kaza mai yatsu biyu a takarda.

"Taka ce wannan. Biyu, ka gani? Ba ka nuna ba tukuna. Ranar da hannunka ya nuna, ka ƙara na uku."

Ko Lencho ya gane maganar ko bai gane ba, ya gyaɗa kai, ya ɗauki tsinke ya gwada. Da yake bahago ne, a juye yake riƙe kan, sai yatsun kazarsa suka kalli cikin rami maimakon baki. Don Tacho ya ce kazar China ma baya take tafiya, ya bar masa ita a haka.

Wata goma sha huɗu bayan tafiyarsu, ma'aikata suka zo ranar Litinin suka tarar da sarƙa a ƙofa da takarda a manne. Manajan da ya dafa ƙirji ko ƙeyarsa ba a gani ba. Don Tacho ya tsaya a tsallaken titi kwana uku yana kallon ana fitar da injuna. Ya gane nasa da shuɗin tef ɗin da ya naɗa a madannin ƙafa. Yana da shekara arba'in da shida, da yatsun da ba sa jin zafi da sanyi, da ƙirji mai kuka.

Ya buɗe 'yar rumfar walda a ƙofar gidansa, yana yin ƙofofi da ƙarafan taga, kuma kowace ƙofa ya gama sai ya zana ƙafar kaza a jikin maƙalarta, a fili, inda kowa zai gani. Sannan ya yi rantsuwa cewa kayan China ba za su sake shiga gidansa ba. Duk abin da za a saya sai ya kifa shi ya karanta gindinsa. Takalmi sai na León, tukunya sai ta Michoacán, duk 'yan cikin ƙasa. Fankarsu ta mutu a tsakiyar Yuli, ya zaga kasuwa bai samu wadda aka yi a Mexico ba, suka yi kwana tara ba fanka har Eduviges ta kwashi matashinta ta koma gidan ƙanwarta. Wata rana ya kifa gunkin ibada na Budurwar Guadalupe da aka ba Eduviges kyauta, ya ga abin da aka rubuta a gindi, ya naɗe shi a jarida cikin ladabi ya mayar wa wadda ta kawo. Ya daina cin shinkafar gidan abincin 'yan China da ke bakin layinsu.

"Mai gidan abincin nan a asibiti ɗaya aka haife shi da 'yarka," in ji Eduviges. "Kakansa ne ya haƙa magudanan ruwan garin nan tun naka kakan yana kiwon awaki a Sinaloa. Me ya yi maka?"

"Na ce ba na ci."

"Kada ka ci. Ni zan ci."

Sai Allah ya haɗa shi da suruki daidai da shi. Yesenia ta auri Gilberto Armenta, haifaffen Brawley a tsallaken iyaka, wanda ubansa ya tsufa yana yankan latas a gonakin can. Shi ya datse sunansa ya koma Gilbert, yana aiki a ofishin ruwa, yana buga golf duk Asabar, kuma a bayan a-kori-kurarsa akwai tutar Amurka da wata ƙatuwar sitika mai cewa a sayi abin da aka yi a Amurka. Cutarsu ɗaya da Don Tacho, tuta ce kawai ta bambanta, shi ya sa ba sa iya zama wuri ɗaya na awa guda ba a ɗaga murya ba. Gilbert ya taɓa cewa a gaban mutane wai masana'antun Mexicali aikin share fage kawai suka yi, gwanintar gaske a California ake yi. Don Tacho bai da abin nunawa. Ginin ma ya zama sito, an shafe sunan da fenti. Shekara shida maganar nan tana cinsa.

Wata Lahadi cikin Agusta, Yesenia da mijinta suka tsallako cin gashin nama. Ana zaune ƙarƙashin rumfar kwano, Eduviges tana juya tortilla, gurasarsu ta masara, Don Tacho yana kan nama, sai Gilbert ya tashi ya kinkimo jakar sandunansa daga mota, wai kada rana ta narkar masa da gam. Ba wanda ya tambaye shi, amma ya zare guda ya ɗaga.

"Don Tacho, dubi abu. Wurin wata bazawara na same su a Yuma, mijinta ne ya mutu ya bar su. Tsofaffi ne, sun haura shekara goma, amma ba irin tarkacen yanzu ba ne. Waɗannan an yi su ne lokacin da Amurka take Amurka. Ga tuta nan ba ta ko goge ba."

Don Tacho ya ajiye cokalin nama. Tun daga nesa ya gane samfurin, shi suka yi a shekaru biyun ƙarshe. Ya goge hannu, ya karɓi sandar, ya juya gindinta sama, ya kai leɓensa.

"Baba, ƙasa fa take taɓawa," in ji Yesenia.

Bai ji ta ba. Gefen nan ne, tausasawar nan ce, murɗin nan ne da ba ya cikin kowace siffar kaki.

"Ni na yi wannan."

Gilbert ya yi dariya. "Haba, surukina."

"Na ce ni na yi ta, Gilberto. Da hannun nan, a zaure na ƙarshe, tafiyar minti ashirin daga inda kake zaune kana cin namana."

"Rubutu fa ga shi nan. An yi a Amurka."

"Gam aka yi a Amurka. Gam da takarda. Ka biya kuɗin ƙarfe ka samu labari."

"To ko da a ce ta biyo ta nan, ai kun ɗan goge ne kawai, can aka gama."

"Goge," in ji Don Tacho, muryarsa ta yi ƙasa, wanda duk wanda ya san shi ya san ya fi ihun muni. "Kai da ba ka iya wasa wuƙar gidanka ba, sai matarka ta kawo mini. A cikin wuyan sandar nan akwai ƙafar kaza. Ba ni ita in cire ƙotar."

"Ka lalata mini sanda? A'a."

"Zan mayar maka da ita yadda take, ko ta fi. In ba alama, ba za ka sake jin na ambaci masana'antar nan ba har in mutu. In akwai, da farcenka za ka ɓare sitikar can ta bayan motarka, yau, a ƙofar gidan nan."

"Tsoho," in ji Eduviges, "nama zai ƙone, kai ma za ka ƙone. Zauna."

Yesenia ce ta raba gardamar. Ta dubi mijinta ta ce, "Ba shi. Tun ina yarinya nake jin labarin kazar nan a cikin wuyan sanda, ban taɓa ganinta ba. Ba shi, Gilbert."

Suka ɗunguma rumfar walda. Don Tacho ya matse ƙotar a bakin teburinsa da tsumma don kada ta yi tabo, ya kunna wutar gas ya rage ta, ya riƙa lasar wuyan da ita a hankali. Gilbert yana tsaye yana haɗiye miyau kamar ɗansa ake yi wa kaciya. Warin tsohon gam ya tashi. Don Tacho ya kama kan da safar fata, ya murɗa sau ɗaya, ya zare. Ya tsoma shi a ruwa, ya kankare ramin da waya, ya hura. Tabaransa yana cikin ɗaki, ba ya ganin ƙananan abubuwa in ba shi, sai ya miƙa wa 'yarsa.

"Juya shi wajen rana. Faɗi abin da kika gani."

Ta juya, ta runtse ido ɗaya. Ta daɗe.

"Tana nan, Baba. Yatsu uku. Irin ta jikin ƙofarmu."

Gilbert ya karɓa ya leƙa, ya sake leƙawa. Eduviges ma ta leƙa, ta yi alamar gicciye, ta shiga ɗaki ta ɗauko wa mijinta tabaransa. Yesenia ta rungume shi tana kuka tana dariya, tana cewa ashe da gaske ne, ashe duk shekarun nan da gaske ne. Don Tacho ya tsaya ƙiƙam, ya ji wani abu da ya daskare a ƙirjinsa tun ranar takardar makaranta yana narkewa. Abin da yake nema ke nan, ba ƙari, kuma ga shi ya samu a gaban wanda ya fi so ya gani.

Ya sa tabarau, ya karɓi kan don shi ma ya gaisa da kazarsa.

Yatsu uku ne. Amma ciki suke kallo.

Ya juya kan, ya sake dubawa, ko riƙon ne ya yi a karkace. Ba riƙo ba ne. Hannun bahago ne. Biyu daga cikin yatsun irin waɗanda ya zana a takarda ne, na ukun an ja shi da ƙarfi, da gadara, kamar mai sa hannu a takarda. Ashe tun suna nan suna gumi, duk da dafa ƙirjin da manaja ya yi, a can ake yin wannan samfurin mai tsada, ana kai shi California ana manna masa tuta iri ɗaya. Ashe kuma leɓensa da bai taɓa yi masa ƙarya ba ya kasa bambanta hannunsa da na wanda ya koya wa. Wani baƙin ciki ya turnuƙe shi, ya rasa wa zai fara zagi.

Ba wanda ya san bambancin sai shi. Ko Eduviges ba ta sani ba, don a jikin ƙofa kaza ba ta da gaba ba ta da baya. In ya yi shiru, ya ci. Ya yi shirun kuwa, ya bi su suka koma rumfar nama, Yesenia tana ɗaukar hoton ramin da wayarta don ta tura wa 'yan uwa.

Gilbert ya buɗe giya ya miƙa masa. Ba mugu ba ne, baki ne da shi kawai.

"Na faɗi, Don Tacho. Zan ɓare sitikar. Kuma ka san wani abu? Na ma fi son sandar yanzu. Hannun gida ne, hannun surukina. Nan da can ai duk ɗaya ne. Babban abin dai ba 'yan China ne suka ƙwaƙule ta ba, su da ba su san komai ba sai kwafa."

Don Tacho ya dubi giyar, bai karɓa ba. Ya ji kansa tsaye daidai inda mai gam na California yake tsayawa, da 'yar takarda a hannu, zai manna a kan aikin wani.

"Ba tawa ba ce."

Kowa ya juyo.

"Kazata baki take kallo. Wannan ciki take kallo. A China aka yi ta. Wanda na koya wa ne ya yi, bahagon nan."

"Baba, amma yatsu uku ne," in ji Yesenia.

"Shi ya ƙara na ukun. Ya kuma cancanta." Maganar ta fito masa kamar ana zare ƙaya. "Goge hoton nan, kada ki tura wa kowa da sunana."

Gilbert ya dubi sauran sandunan da ke cikin jaka, fuskarsa ta canja. "Wato kayan China na saya."

"Ɗazu da bakinka ka ce babu irinsu a duniya," in ji Don Tacho, yanzu kam da ƙarfi, har maƙwabta suna ji. "Ƙarfen bai canja ba, gefen bai canja ba. Da 'yar Amurka ce ka ɗaga ta sama, da ta zama tawa ka ce ka fi sonta, yanzu ta zama tarkace. Kai ba sanda kake so ba, takarda kake so. Mutum ya zauna ya kashe yatsunsa a kan abin nan, yana tari irin nawa, ku kuna can kuna manna tuta. Ba ku taɓa tambayar wa ya yi ba. Ko sau ɗaya ba ku tambaya ba. Mutum ne, yana da suna."

"Kai ma da ka hana mu fanka kwana tara ba ka tambaya ba," in ji Eduviges a hankali, tana kwashe naman da ya ƙone.

Don Tacho yana huci, kan sandar yana hannunsa. Yesenia ta share ido. Ta buɗe hoton a wayarta, maimakon ta goge sai ta taɓa wurin rubutu.

"To shi ke nan, Baba, sai in sa nasa. Yaya sunansa?"

Don Tacho ya buɗe baki. Ya ga siririn mutumin tsaye a tsakiyar zaure yana faɗin sunansa sau uku, a hankali, yana nuna ƙirjinsa. Ya ji dariyar 'yan zaure, ya ji tasa muryar a saman ta kowa. Ya lalubi sunan, ko harafin farko, bai samu komai ba.

"Lencho muke ce masa," ya ce.

"Na gaskiyar fa?"

Ya zauna a kan kujera, ya cire tabaran, ya ajiye kan sandar a cinyarsa. Yesenia tana riƙe da wayar tana jira.